Daren da Na Kwana a Guri

Motar Haɗeja ta sauke ni da la'asar,
da akwatin sufana da buhun kayan gyara.
Injin ban-ruwa bakwai na jirana a hayi,
tsakanina da su babu kwalta,
babu turba, sai ruwa.

Bana ruwa ya shigo gari ba sallama.
Kowane lungu ya koma ƙorama,
buhunan yashi a ƙofar gida kamar haƙora.
Yara na tsallake katako guda da gudu,
ni ƙafata sai rawa.

Na sami Gaji a mashigi
yana cusa tsumma a tsagar jirginsa.
Bai ɗago ba ya ce,
"Ana sallame asuba gora za ta taɓa ƙasa.
Kachala ta cinye hanya, sai mun zaga.
Ba na jiran dagaci, balle mai gyaran inji.
Wanda ya makara, sai Talata mai zuwa."

To, ina zan kai haƙarƙarina?

An ce akwai masaukin baƙi bayan sakatariya:
katifa, ƙofa mai sakata,
fanka in an yi sa'ar wuta.
Na tambayi nisa. Gadar icce biyu,
ta ukun shekaranjiya ta yi nata gaban.
Cikin duhu, da akwati mai nauyin ɗan maraƙi?
Fanka ba ta kai mutum hayi.
Na ce na yafe zuwa.

Ga gidan Alhaji Maina, aminin mahaifina.
Na san shi.
Zai sa a kama zabuwa,
ya ɗauko ambaliyar shekarar da aka haife ni
tun daga hadari har janyewa,
da safe ya rantse ba zan taka waje ba
sai kunun gyaɗa ya huce.
Karamci ma igiya ne, ba a kwance shi da gaggawa.
Na sunkuya ta bayan katangarsa
kamar wanda ake bi bashi, ina saurin wucewa.

Sai rumfar Iya Tabawa mai banda,
taku ashirin daga hancin jirgi.
Ta kalle ni, ta kalli akwatin.
"Ɗari biyar. Tabarma tawa ce,
sauro na Allah ne, kada ka kawo min ƙara.
Matsa kusa da hayaƙi, ya fi ragewa."

Mu huɗu muka jeru.
Mai gishiri ya yi matashi da buhunsa,
minsharinsa kamar injin da ya sha ruwa.
Malamar asibiti ta rungume akwatin sanyi,
ta ce rigakafin yara sittin ne a ciki,
ko ita ta nutse, shi kada ya jiƙe.
Na ukun bai ce uffan ba, sai tari.
Tarwaɗa na diga mai a garwashi,
kwaɗi sun buɗe kasuwa.

Can tsakar dare na tuna fankar nan,
na tuna katifa, na zagi wayona.
Rigata ta sha ƙauri,
ƙauri irin wanda sabulu ba ya korewa.
Na ƙirga cizo har arba'in, na ɓata,
na sake daga farko.
Ban san sa'ad da barci ya yi awon gaba da ni ba.

Itacen wuta ne ya zungure min tafin ƙafa.
"Tashi, mai inji. An yi salla,
yi taka, Gaji na taɓa igiya."
Da a sakatariya nake,
wa zai zungure ni? Bango?

Ina shiga, jirgi na jujjuyawa,
sai ga yaro ya keto ruwa iya gwiwa,
kwano ɗaure da ƙyalle a kansa.
"Alhaji ya ce ya ga ƙeyarka jiya.
Ya ce kwanon nasa ne,
ka kawo da hannunka in kana dawowa."

Na buɗe a tsakiyar kachala.
Da ɗuminta. Zabuwa.